Furen matashin allura a garkar Yamai da Tawa: yadda ake shukarsa da kula da shi

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela ya san ɗan matashin nan da ake soke allurai a jikinsa don kada su ɓace. Haka kan wannan fure yake. Tsakiyarsa a tashe take kamar ƙaramin matashi, siraran tsinkaye masu ɗigo a baki sun fito daga ciki kamar allurai, gefe kuma ganyen fure masu taushi sun zagaye shi. Faɗin kai ɗaya bai wuce santimita 4 zuwa 6 ba, yana zaune a kan dogon kara siriri mai rausaya da iska. Idan aka duba da kyau za a ga abin da ido ke ɗauka fure guda, ƙananan furanni ne masu yawa suka taru wuri ɗaya, suna buɗewa daga gefe zuwa tsakiya. Wannan ne ya sa kai guda ke daɗewa yana kyau, shi ya sa kuma ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi ba sa rabuwa da shi.

A fakitin iri mai rubutun Faransanci za a ga an sa Scabieuse, masana tsirrai kuma suna ce masa Scabiosa. Sunan ya samo asali daga kalmar Latin mai nufin ƙazuwa, saboda mutanen Turai na dā suna shafa shi ga mai ƙaiƙayin jiki. Tarihi ne kawai. Mai ƙazuwa ya tafi likita, wannan fure na ado ne.

Asalinsa ƙasashen da ke kewaye da tekun Bahar Rum ne da wasu sassan Turai da Asiya, inda yake girma cikin sanyi-sanyi ya yi fure kafin zafi ya kankama. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin aikin. A Yamai da Tawa ba shukar damina ba ne, ba kuma itacen da zai shekara a tsakar gida ba ne kamar lalle. Amfanin lokacin sanyi ne, sahunsa ɗaya da salati da karoti da shu. Yana shiga ƙasa a Nuwamba, ya yi fure a Fabrairu da Maris, zafin Afrilu ya kawo ƙarshensa.

Wane iri za a saya

Iri huɗu aka fi sayarwa a duniya, amma ba duka ne suka dace da mu ba. Wanda ya kamata a nema shi ne Scabiosa atropurpurea, mai shekara guda. Tsayinsa santimita 60 zuwa 90, yana fara fure bayan kwana 90 zuwa 100 da shuka idan yanayi ya yi masa daidai, yana da ɗan ƙamshi mai kama da na zuma. Launukansa sun haɗa da fari, ruwan hoda, shuɗi mai haske, ja, da wani ja mai duhu kamar ruwan zoɓo mai kauri, wanda ake sayarwa da sunan Black Knight. Na biyu shi ne Scabiosa stellata. Furensa ba abin a zo a gani ba ne, amma bayan ya zube yakan bar wani dunƙule kamar ƙwallon takarda mai taurari a ciki, wanda ake busarwa a yi adon ɗaki da shi wata da watanni. Shi ma mai shekara guda ne, renonsu ɗaya.

Sauran biyun, Scabiosa caucasica mai manyan furanni shuɗɗa da Scabiosa columbaria gajere, masu shekaru ne a ƙasashen sanyi. Hoton da ke jikin fakitinsu yakan ja hankali, amma na farkon yana jinkirin fure, kuma dukansu biyu zafin Afrilu da Mayu da laimar Agusta sun fi ƙarfinsu. Mai farawa ya bar su. Akwai kuma wani itacen Afirka ta Kudu, Leucospermum, da wasu masu sayarwa a intanet ke kira da irin wannan suna na matashin allura. Wani tsiro ne dabam, ba danginsu ɗaya ba, kada a ruɗe.

Irin kansa ya kai girman ƙwayar shinkafa, yana cikin wata 'yar riga kamar takarda mai gashi a kai. Ba ya jure ajiya a zafi. Fakitin da ya yi wata shida a kan teburin shago rana tana dukansa, da wuya rabinsa ya tsiro. A duba ranar da aka rubuta a baya, sannan kafin a ɓata wa kai lokaci a gwada: ƙwaya 10 a cikin tsumma mai laima, a naɗe, a ajiye kusa da randa inda ke da sanyi, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan kwana 10 zuwa 14 a ƙirga. Bakwai ko fiye, iri ne mai kyau. Huɗu ko biyar, a ninka yawan da za a shuka. Ƙasa da haka, a nemi wani.

Lokaci

Nan ne aka fi yin kuskure. Irin yana son digiri 18 zuwa 21 don ya tsiro da kyau. A watan Oktoba, bayan ɗaukewar damina, Yamai takan koma zafi, rana ta haura digiri 37, dare kuma bai sauko ba tukuna. Wanda ya yi gaggawa ya shuka a farkon Oktoba zai ga tsiro jefi-jefi, wanda ya fito ma wuyansa ya ruɓe. Wanda kuma ya yi nawa har Janairu, shukarsa za ta yi ganye mai kyau, amma tana shirin fure sai zafin bazara ya riske ta, kawunan su fito ƙanana a kan gajeren kara, su ƙone kafin su buɗe.

Tsakanin nan akwai ɗan lokaci kamar na mako uku: daga farkon Nuwamba zuwa wajen 20 ga wata. Alamar da ta fi kalanda ita ce asuba. Ranar da aka fara jin ruwan alwala ya yi sanyi, iskar gabas ta fara busar da leɓe, lokaci ya yi. A raba irin gida biyu, a shuka rabi yau, rabi bayan kwana 10, don idan na farko ya gamu da matsala kada a yi asarar shekara. Daga nan lissafin mai sauƙi ne: dashe a farkon Disamba zuwa tsakiyarsa, tsinke kai, wato cire saman karan tsakiya don ya yi rassa, a ƙarshen Disamba, fure daga Fabrairu.

Wani abu da ba a cika sani ba: wannan tsiro yana saurin fure ne idan yini ya yi tsawo. A Disamba hasken rana a Yamai awa 11 ne da 'yan mintoci, don haka kada a yi mamaki idan kwana 100 ɗin da ke jikin fakiti ya zama 110 ko 120. Masu noma shi don kasuwa a wasu ƙasashe sukan kunna fitila da dare don su ƙara masa tsawon yini. Mai ƙaramin fangali a tsakar gida zai iya yin haka da ƙwan lantarki guda a rataye kamar mita 1 sama da shukar, a kunna daga magariba zuwa ƙarfe 10 na dare, farawa mako biyu bayan tsinke kai. Ba dole ba ne, amma mako biyun da aka rage a Fabrairu ya fi wata guda a Afrilu daraja.

Reno

Za a iya shuka shi kai tsaye a fangali, sai dai irin yana da tsada kuma ƙadangaru da gyare ba sa barin ɗanyen tsiro. Ya fi kyau a rene shi a ƙananan leda irin ta masu pepiniyar, ko ledar ruwan sha da aka yanke baki aka huda gindi wuri huɗu. Ƙasar reno: kashi biyu rairayi mai tsabta, kashi ɗaya takin dabbobi da ya ruɓe sarai har ya koma baƙar ƙasa marar wari, a tankaɗe da rariya. A cika ledar, a jiƙa ta tun da yamma, washegari a sa ƙwaya biyu a kowace. Kada a binne da zurfi. A danna ƙwayar da yatsa, a barbaɗa rairayi kamar milimita 3 zuwa 5, iyakar abin da zai hana iska ɗaukarta. Yawancin irin da ake cewa "bai fito ba", binne shi aka yi kamar masara.

A jera ledojin a inda hasken safe ke isa amma inuwa ta rufe daga ƙarfe 11, misali gabashin katanga ko ƙarƙashin rumfar zana mai 'yan ƙofofi. A lulluɓe da tsohon gidan sauro a kan 'yan sanduna. Ban ruwa da arozuwar mai ƙananan huji, ko gorar roba da aka huda murfinta da allura, safe da yamma, kaɗan-kaɗan. Ƙasa ta zauna da laima kamar tsumman da aka matse, ba caɓi ba.

Da zarar sun fito, a matsar da su inda haske ya fi yawa. Tsiron da aka bari a inuwa yakan yi tsawo siriri, fari-fari, ya faɗi da kansa. Idan kuma aka ga tsiro ya kwanta, wuyansa daidai bakin ƙasa ya tsuke ya yi baƙi, ruɓewar wuya ce, ruwa ya yi yawa ko taki bai gama ruɓewa ba. A cire wanda ya kamu da ƙasarsa, a daina ban ruwan yamma, a barbaɗa busasshen rairayi a saman sauran. Idan ganye na gaskiya ya kai biyu, a bar mai ƙarfi guda a kowace leda. A yanke ɗayan da almakashi, kada a tuge, don tugewa na girgiza saiwar wanda aka bari.

Ƙasa da fangali

Abin da ke kashe wannan fure fiye da kowane ƙwaro shi ne ruwa ya kwanta a gindinsa. Fangalin da muka saba yi wa albasa da salati, mai zurfi a tsakiya da kunya a gefe don ya riƙe ruwa, bai dace da shi ba a ƙasa mai laka. A garkunan bakin kogi irin na Saga, Gamkalle da Kirkisoye, da fadamun Adar masu ƙasa mai nauyi, a ɗaga fangalin sama da santimita 10 zuwa 15, a haɗa bokiti ɗaya na rairayi mai tsakuwa a kowace murabba'in mita. Buntun shinkafa da ya kwana biyu ma yana saki ƙasa, kuma ba ya wuyar samu kusa da gonakin shinkafar bakin kogi. A unguwannin tudu masu jigawa kuwa, inda ruwa ke wucewa kamar an zuba a kwando, fangali daidai da ƙasa ya isa, taki ne za a ƙara don ya riƙe laima.

Gwaji mai sauƙi: a haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika da ruwa, a bar shi ya tsotse, a sake cikawa. Idan na biyun ya wuce awa uku bai ƙafe ba, wurin yana buƙatar ɗagawa.

A kafce zurfin santimita 25 zuwa 30, a fasa hoge, a zuba ruɓaɓɓen taki kilo 2 zuwa 3 a murabba'in mita, a baje da manjagara. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ƙone saiwa, yana kuma kiran gara. Idan za a sa takin zamani, 15-15-15 gram 30 a murabba'in mita, wato cokalin cin abinci biyu, a gauraya da ƙasa mako guda kafin dashe. Kada a wuce haka. Wannan tsiro ba mai ci da yawa ba ne, kuma takin zamani na ure shi ne babban abokin gabansa: yana sa ganye ya yi kore shar, kara ya yi laushi ya kwanta, darɓa ta taru, fure kuma ya ƙi zuwa.

Yana son ƙasar da ba ta da tsami, har ma wadda ta ɗan karkata wajen farar ƙasa. Jigawar yammacin Nijar galibi tana da tsami, don haka a Yamai tafin hannu guda na tokar itace a murabba'in mita yana taimakawa. Tokar itace zalla, ba wadda aka ƙona leda da shara a ciki ba. A yankin Tawa, inda dutsen farar ƙasa ke da yawa har ake yin siminti da shi a Malbaza, sau da yawa ba a bukatar toka. Inda aka ga farin gishiri-gishiri yana fitowa a saman fangali bayan ban ruwa, kada a ƙara toka ko kaɗan.

Wurin ya samu rana awa 6 aƙalla, ta safe ta fi. Idan akwai katanga ko itace da zai tare ranar la'asar daga yamma, wannan shi ne wuri na gari. A guji fangalin da tumatir, kuɓewa ko yalo suka yi kumburin saiwa a bara, domin tsutsar da ido ba ya gani mai haddasa shi tana nan cikin ƙasa.

Dashe

Bayan mako 4 zuwa 5, tsiro yana da ganye 4 zuwa 6, ya isa dashe. Kwana huɗu kafin nan a riƙa fitar da ledojin rana ana ƙara musu lokaci kullum. A dasa da yamma bayan la'asar. Tazara santimita 30 ta kowane gefe: fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3 zai ɗauki layi uku, kowane layi 10, jimla 30. A yaga ledar, kada a ja tsiron, a sa dunƙulen ƙasar yadda yake. Wuyan tsiro ya tsaya daidai inda yake a leda, ko ma ya ɗan ɗara ƙasa kaɗan. Tumatir yana son a binne karansa, wannan kuwa idan ƙasa ta rufe zuciyarsa, inda ganye ke fitowa, ruɓewa zai yi. A ba da ruwa nan take, a kafa ɗan reshe mai ganye ko guntun zana ya yi masa inuwa kwana uku.

Wanda ba shi da fili zai iya amfani da tukunya mai zurfin santimita 25 zuwa 30. Ta yumɓu ta fi baƙar roba nesa ba kusa ba, domin tana numfashi tana sanyaya saiwa, roba kuwa dafa ta take yi da rana. Jarkar lita 20 da aka yanke ta ɗauki tsiro biyu. Huji biyar ko shida a gindi, a ɗora a kan bulo biyu, ba a kan siminti mai zafi ba, kuma kada a bar faranti mai ruwa a ƙarƙashi.

Ban ruwa

A Disamba da Janairu, a jigawa, kimanin lita 5 zuwa 6 a murabba'in mita kowace rana, wato arozuwar biyu na lita 10 sun wadaci fangalin mita 3 har da ɗan saura. A ƙasa mai laka, kwana biyu-biyu. Daga ƙarshen Fabrairu buƙata takan hau zuwa lita 8 ko fiye, a raba safe da yamma. Amma yatsa ya fi lissafi gaskiya: a soka shi zuwa gaɓa ta biyu, idan an ji sanyin laima a bari sai gobe.

A lura da wannan, domin yana yaudarar mutane da yawa. Tsiron da ƙishirwa ta kama da wanda saiwarsa ta ruɓe, dukansu yaushi suke yi. Bambancin shi ne na farko yana farfaɗowa da dare, ƙasarsa a bushe. Na biyu yana nan a yaushi har da asuba, ƙasarsa jiƙe, ganyen ƙasa sun yi rawaya, idan aka ja shi sai ya taho da sauƙi, saiwar baƙa mai wari. Wanda ya ga yaushi ya ƙara ruwa ba tare da ya taɓa ƙasa ba, yana ƙarasa na biyun ne. Wanda ya ruɓe ba ya dawowa. A cire shi, a bar ramin ya sha rana, a rage wa maƙwabtansa ruwa.

A zuba ruwa a gindi, ba a kan fure ba. Sau ɗaya a mako, da sassafe, a wanke ganyen daga ƙurar hunturu, musamman bayansu. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa mai kaurin yatsa biyu tsakanin layuka, a bar tazarar yatsa uku daga wuyan kowane tsiro, a riƙa ɗagawa ana duba gara. Idan ruwan rijiya yana barin farin tabo, sau ɗaya a wata a yi ban ruwa mai yawa don ya tura gishirin ƙasa da saiwa.

Tsinke kai da tokara

Idan karan tsakiya ya kai santimita 15 zuwa 20, a tsinke samansa da farce, a bar gaɓa uku ko huɗu masu ganye. Mutane da yawa sukan ji tausayin yin haka, alhali shi ne bambancin tsiro mai kara guda da mai rassa shida ko takwas. Yana jinkirta furen farko da kamar mako guda ko biyu, don haka wanda ya makara da shuka har fure zai faɗa cikin Maris, ya bar shi kawai.

Karan siriri ne, iskar Janairu kuma ba ta da sauƙi, balle a Tawa inda take tahowa da ƙarfi daga arewa maso gabas. A kafa darnin karan hatsi ko zana ta wannan gefen, mai tsayin mita ɗaya da rabi, wanda iska ke ɗan ratsawa. Sannan a kafa turaku a kusurwoyin fangali da tsakiyar gefensa, a saƙa igiya kamar raga mai ido santimita 15, a tsayin santimita 30 daga ƙasa, tun shukar ba ta kai wurin ba. Za ta ratsa ta cikin ragar da kanta. Idan aka jira sai ta kwanta, karan yakan lanƙwasa ya nemi rana cikin yini guda, kuma ba ya sake miƙewa.

Da an ga ƙullin furen farko, a ƙara cokali ɗaya na 15-15-15 a murabba'in mita, nesa da wuya, a bi da ruwa. Daga nan an gama da taki.

Ƙwari da cututtuka

Darɓa takan taru a sabon toho da ƙarƙashin ƙullin fure, ganye ya nannaɗe ya yi danƙo, tururuwa ta yi ta hawa da sauka. Idan kaɗan ce, a murje da yatsa ko a wanke da ruwa. Idan ta yi yawa, a daka busassun 'ya'yan dogon yaro gram 500, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da tsumma, a narka ɗan farin sabulu kamar girman kwalin ashana, a fesa da yamma sama da ƙasan ganye. A maimaita bayan kwana 7. Ba a ajiye ragowar, rana da zafi suna kashe ƙarfinsa. Fesa da yamma yana kuma kare ƙudan zuma, waɗanda da safe suke aiki.

Wanda ya fi haɗari idan zafi ya fara shi ne ɗan jan gizo-gizon nan da masu tumatir a Yamai suka sani sarai. Ƙanƙane ne ƙwarai, yana zama a bayan ganye. Alamar farko ɗige-ɗige fari kamar an soka allura, sannan ganye ya koma ruwan toka, a ƙarshe a ga saƙa. Ƙura da bushewa yake so, shi ya sa wankin bayan ganye yake da muhimmanci. A cire ganyen da ya kamu a ƙona, kada a dasa furen kusa da tsohon tumatir ko yalo. Maganin ƙwari na gama-gari da ake saya a kasuwa sau da yawa ƙara shi yake yi, domin yana kashe ƙwarin da ke cinsa, shi kuma ya tsira.

Farin gari a kan ganye kamar an barbaɗa toka cutar fumfuna ce, tana zuwa inda shuka ta cunkushe iska ba ta wucewa. A rage ganyen ƙasa, a fesa bikarbonat gram 5 a lita guda da ɗigon sabulu, da yamma, bayan an gwada a ganye biyu an ga bai ƙone ba. Awaki da kaji kuwa, maganinsu shinge da ƙofa mai rufuwa.

Yanka

Yawan yanka shi ne yawan fure. Da zarar kai ɗaya ya fara yin iri, tsiron yakan rage fitar da sababbi, don haka a zaga fangali kowane kwana biyu da almakashi. A nan sai an sa ido, domin ƙullin da bai buɗe ba da kan da ya gama fure suna kama. Ƙulli a shafe yake kamar maɓalli, ƙananan ƙwayoyi a jere a matse. Wanda ya gama kuwa ya yi tsini ko ya zagaye, da gashi-gashi masu kaushi. A bi karan wanda ya gama har zuwa inda ya haɗu da ganye biyu, a yanke a nan. Cire kan kawai yana barin sanduna tsirara da ba sa haifar komai.

Don adon ɗaki ko na biki, a yanka da sassafe, lokacin da layin gefe ya buɗe, tsakiya kuma tana rufe ko ta buɗe kashi ɗaya cikin uku. A tafi da bokitin ruwa har fangali, a tsoma nan take, a zage ganyen da zai nutse, a ajiye a inuwa awa biyu kafin a jera. A lita guda na ruwa a sa ƙaramin cokali na sukari da ɗigo uku na jabel. Ana canja ruwa kullum ana datse gindi kaɗan, zai yi kwana 5 zuwa 7 a ɗaki mai sanyi, ƙasa da haka a Maris. A nisanta shi da ayaba da mangwaro masu nuna, iskar da suke fitarwa tana tsufar da fure.

Idan Maris ya shiga rana ta fara kaiwa digiri 38 zuwa 40, a ɗaura rumfar zana mai sako-sako ko ragar inuwa a tsayin mita 2, ta tare rana daga ƙarfe 11 zuwa 4. Hakan yakan ƙara mako biyu ko uku. Masu launi mai duhu su ne ke fara ƙonewa a baki, farare da shuɗɗa sun fi juriya.

Ajiye iri

Tun farkon Maris, ba ƙarshe ba, a zaɓi tsiro uku ko huɗu mafi ƙarfi, a ɗaura wa kawuna biyar-biyar zare a bar su. Irin da ya ƙulla cikin tsananin zafi sau da yawa fanko ne. Bayan mako uku zuwa huɗu kan zai bushe ya koma ruwan ƙasa, idan aka murza sai ƙwayoyin su rabu. A yanke, a shanya a inuwa a kan faifai mako guda, a matsa kowace ƙwaya tsakanin yatsu a zubar da marasa ciki. A zuba a ambulan na takarda, a rubuta launi da shekara, a sa cikin kwalba mai murfi tare da ɗan ƙullin busasshiyar toka ko shinkafa don ta tsotse laimar damina. Sashen ƙasa na cikin firji shi ne wuri mafi kyau, in babu, lungun ɗakin ƙasa mafi sanyi, nesa da rufin kwano. Tunda ƙudan zuma suna yawo daga wannan launi zuwa wancan, 'ya'yan da za su fito baɗi ba lallai su yi kama da uwarsu ba. Wanda yake son ja mai duhu zalla, wannan launi kaɗai zai shuka a wannan shekarar, ko ya rufe kawunan da ya zaɓa da guntun gidan sauro tun suna ƙulli, ya riƙa shafa su da gashin kaza daga kai zuwa kai kowace safiya har su gama buɗewa.